Kwano Ɗaya a Ponte de Lima

Belmiro ya dawo daga asibitin Porto
da ƙyauren ƙarfe a cikin zuciyarsa.
In dare ya raba, kogin Lima ya yi tsit,
sai in ji shi, ƙyas, ƙyas, kamar agogon bango.
Shekara arba'in da ɗaya minsharinsa na sani,
yau ƙarfe ke yi mini hira,
ga ƙwaya a aljihun rigarsa, wafarin, mai tsinka jini.

A bayan ɗakinmu akwai kabeji mai dogon kara,
ya fi Belmiro tsawo tun da ya ranƙwafa.
Uwata ta koya mini yanka shi
siriri kamar gashin jariri,
a watsa kan dankalin da ya narke, a ɗiga man zaitun,
a gutsuro burodin masara.
Da wannan miya aka yaye shi, ita yake sha ya aure ni.

Sai Graciete ta leƙo ta kan katanga:
"Koren ganye da ƙwayar nan ba sa ga-maciji.
Mijin ƙanwata ma haka ya..."
Ba ta ƙarasa ba, ta yi alamar gicciye ta koma.
Ban tambayi kowa ba, tsoro ba ya jiran bayani.
Da asuba na ɗauki lauje,
na kwantar da kabejin nan kaf, na zuba wa zomaye.
Belmiro na bakin taga, ya kasa hana ni.

Mako uku farar miya, dankali tsagwaronsa.
Ran Talata ya goge haƙora, ya tofar da ja.
Laraba ga shuɗin tabo a cinya, faɗin tafin hannu,
bai faɗi ba, bai yi karo da komai ba.
Wajen aski ya yanke, ɗan tsaga kamar ƙwayar shinkafa,
har ƙararrawar coci ta buga sha biyu
ina canza auduga, hannuna na rawa,
jini ya ƙi tsayawa, ya ƙi jin lallashi, ya fi ni.

Nas Custódia ta soki yatsansa.
Na'ura ta nuna shida. Uku ake nema.
Ta dube ni ta saman tabarau: "Me ya canza a tukunya?"
Na faɗa. Ba ta yi faɗa ba, kujera ta jawo.
"Ganyen nan cike yake da bitamin K.
Da shi hanta ke ƙera abin da ke daskarar da jini,
ƙwayar kuma riƙe wa hanta hannu take yi.
An auna masa ita ne yana shan miyarki.
Kin janye miyar, ƙwaya ta samu fili.
Da ninkawa kika yi kuwa, ƙwaya ta yi rauni,
gudan jini ya je ya maƙale a ƙyauren.
Mutum biyu ne ke jan igiya, Ermelinda,
in ɗaya ya saki ba shiri, ɗayan ya sha ƙasa.
Ba a ce ki daina ba. Cewa aka yi ki riƙe ma'auni."

Na sayo dashe a kasuwar Litinin.
Kafin ya girma Graciete ke miƙo mini nata,
ba mu taɓa tayar da zancen ba.
Akwai wani shuɗin kwano mai tsagaggen baki,
shi nake cikawa da yankakken ganye, ba tozo,
jiya haka, yau haka, sanyi ko rani.
Daren bikin São João ya roƙi ƙari,
na ce kwano ɗaya, tsoho, kada ka gwada ni.

Duk wata mu hau bas a soki yatsa,
Custódia ta rubuta lamba a ɗan littafinsa,
biyu da ɗigo tara, uku da ɗigo ɗaya.
Da yamma ya sha miyarsa, ya lashe cokali,
ya haɗiye ƙwaya ƙarfe bakwai daidai.
In na kwanta sai in kasa kunne.
Ƙyas, ƙyas. A waje kabeji na ƙara tsawo.
Belmiro ya juya, ya janye bargon duka, ya bar ni.